Tauraron da Baba Ya Ɗora a Hancin Jirgi

Akwai wani matuƙin jirgin ruwa da ake yi wa laƙabi da Injiniya. Tun da ya ɗora wa jirginsa inji, kansa ya kumbura, ba ya jin maganar kowa.

Mahaifinsa tsohon masunci ne. Sau da yawa yakan nuna masa wani tauraro mai haske can ƙasa-ƙasa ta kudu, ya ce, "Riƙe wannan, da shi muke tsallake tafkin nan."

Injiniya sai ya yi dariya. "Baba, zamanin tuƙi da filafili ya wuce. Taswira tana cikin wayata."

Wata rana bayan isha'i naƙuda ta kama matarsa, ta zo da gardama. Ungozoma ta ce ba ta iyawa, sai asibitin da ke tsallake. Suna ɗora matar a jirgi tare da ungozoma, Baba ya shigo da naɗaɗɗiyar tabarma.

"Haba Baba, ƙarin nauyi kawai! To zauna ka riƙa kwashe ruwa."

Tsoho ya zauna da tabarmarsa.

Sun kai tsakiyar tafki, igiyar ruwa ta bugi jirgin, waya ta suɓuce ta faɗa ruwa. Shi ke nan taswira!

Injiniya ya hango wata fitila, ya ce gaɓa ce. Baba ya ce, "Ba ita ba ce." Injiniya ya ƙi ji, ya bi ta kusan rabin awa. Ashe fitila ce masunta suka ɗaura a kan gora, alamar inda suka zuba raga. Ya girgiza tankin mai, saura kaɗan.

Ungozoma ta ce, "Ta daina ihu fa. Ni shirun nan ne ba na so."

Wallahi ni kaina da aka zo nan a labarin sai da gabana ya faɗi.

Injiniya yana ta haska tocila hagu da dama. "Baba, ina muke?"

"Kashe tocilar."

"A cikin duhun nan?"

"Ita ce ta makantar da kai. Kashe, ɗana."

Ya kashe. Da idonsa ya saba da duhu, sai ga tauraron ras.

Baba ya ce, "A irin wannan lokaci yana tsaye daidai kan gaɓar asibiti. Ɗora shi a hancin jirgi, kar ka bari ya zame."

Suna fara hango fitilun gaɓa, inji ya yi tari ya mutu. Injiniya ya ɗora hannu a ka. Sai Baba ya warware tabarmarsa, ya zaro filafilai biyu, ya miƙa masa ɗaya. Suka tuƙa har gaɓa.

Likita ta ce da sun ƙara jinkiri kaɗan, da an rasa uwa da ɗiya. Allah ya sa duka biyun suka rayu.

Washegari da magariba Injiniya ya shimfiɗa tabarmar nan a ƙofar asibiti, ya durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, ka yafe mini. Nuna mini sauran taurarin."

Darasi: Sabon abu bai hana ka sauraron tsohonka ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. In naka na raye, je ka tambaye shi yau, sannan ka tura wa 'yan'uwa su karanta.