Mijin Mai Daddawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da ake tara zakkar hatsi a rumbu guda. Sunansa Nomau, aikinsa sharar kasuwa. In kasuwa ta watse shi ne zai bi rumfa rumfa da tsintsiya, wani ya ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, wani ya ce sai kasuwa mai zuwa. Abin da yake samu, jama'a, bai isa ya riƙe mutum ɗaya ba, balle gida mai 'ya'ya uku.

Amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidan Nomau ba. Kowace ranar kasuwa sai ka gan shi ya doso gida da buhun gero a ka, maƙwabta na cewa, "Sannu Nomau, Allah ya ƙara buɗi." Sai ya sunkuyar da kai, ya ce amin, ya shige.

To ku saurara ku ji yadda abin yake. Matarsa Tabawa mai daddawa ce. Ita ke dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta rufe sai ta ruɓa, har warin ya kama zannuwanta ya ƙi fita. Tsohuwar da ke kai mata daddawar kasuwa ita ke biyan Jatau mai awon gero da kuɗin daddawar a ɓoye. Tabawa kuwa sai dai ta ce, "Malam, in ka gama shara ka biya wajen Jatau, akwai saƙo." Sau ɗaya ya taɓa cewa, "Me zai hana tsohuwar ta kawo miki har gida?" Ta ce, "Ni dai so nake yaran nan su ga ubansu ne ya shigo da shi." Daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Shekara goma sha huɗu ana haka.

Sai Allah ya yi ikonsa. Zazzaɓin kwana biyar, Tabawa ta riga mu gidan gaskiya.

Kafin a yi arba'in gero ya ƙare. Ranar kasuwa Nomau ya gama shara, bai ankara ba sai ga shi tsaye a rumfar Jatau, ya naɗe gammo ya ɗora a ka, yana jira. Sai da Jatau ya ɗago ido ya dube shi sannan ya tuna. Ya sauke gammon a hankali.

Jatau ya ce, "Zauna, Nomau. Gobe ake rabon rumbu a zauren Ma'aji. Ka san ƙa'idarsu?"

Ya ce, "Na sani. Macen da miji ya mutu ya bar ta da marayu, sai namijin da ciwo ya hana shi aiki."

"To kai ba ka cikin ko ɗaya. Amma ga dabara. Ka ɗaure ƙugunka da tsumma, ka dogara sanda, ka ce bayanka ya ƙi. Ai dama kullum a duƙe kake, wa zai musa?"

Nomau ya ce, "Bayana lafiyarsa lau."

Jatau ya tafa hannu. "Kai wane irin mutum ne! To me za ka ce musu? Mace ce ke ciyar da kai? Su yi maka dariya, su kuma hana ka, ka tashi ba hatsi ba mutunci. Baiwar Allahn nan ta rufa maka asiri har ta koma ga Ubangijinta, kai ne za ka je ka kware shi da hannunka?"

Jama'a, ku dubi inda bawan Allahn nan ya tsaya. Ƙaryar za ta ba shi hatsi, ta kuma bar masa girmansa. Gaskiyar za ta kwashe girman, hatsin kuma babu tabbas. A gida yara uku na jira.

Washegari da hantsi ya tafi zauren Ma'aji. Ba sanda, ba tsumma. Dattawa na zaune a kan buzaye, mata masu jiran rabo a gefe guda, kowace da ƙwaryarta. Da aka zo kansa Ma'aji ya ce, "Nomau, ya haƙuri? Allah ya jiƙan mai ɗakinka. Me ke tafe da kai?"

Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, rabo na zo nema."

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"Ka bar aikin?"

"Ko jiya na yi shara."

Ma'aji ya ce, "To ai ka san yadda ƙa'idar take. Gidanka an yi rashi, amma mai ciyarwa na nan."

Nomau ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Mai ciyarwa ita muka binne, ranka ya daɗe. Buhun nan da kuke gani a kaina, ɗauka kawai nake yi. Ko ƙwara ɗaya babu gumina a ciki. Daddawarta ce."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya ya ce, "Ashe dako kake yi wa matarka!" Wasu suka taya shi. Nomau bai waiwaya ba. Ya ce, "Dako nake yi. Ba ta so a sani ba. Amma in na ce ciwo ne ya kawo ni, na ci haƙƙin masu ciwo, ita ma na ci nata. In kun ba ni, na gode. In ba ku ba ni ba, yau dai an san abin da ta yi."

Ma'aji ya aika aka kirawo Jatau, ya ce, "Gaskiya ne?" Jatau ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Ni nake aunawa, ranka ya daɗe. Ko sau ɗaya ba ta fasa ba, har makon da ta kwanta."

Sai wani dattijo da tun safe bai buɗe baki ba ya ce, "Ma'aji, mu muka kafa ƙa'idar nan, ba saukar da ita aka yi ba. Don yara masu yunwa muka kafa ta. Mun manta ne cewa uwa ma tana mutuwa." A nan take aka gyara, aka auna wa Nomau rabon gida mai 'ya'ya uku.

Ba zan ce muku bai biya komai ba. Daga ranar sunansa ya ɓace a kasuwa, sai dai "mijin mai daddawa". 'Yan rumfa su ƙwala masa kira da shi don tsokana, shi kuwa ya miƙe daga duƙen ya ce, "Na'am, Allah ya jiƙanta." Har suka gaji da dariyar suka koma cewa amin.

Jama'a, darasin a fili yake. Kada talauci ya sa ka karɓi taimako da ƙarya, kuma kada girman kai ya hana ka faɗin gaskiyar da za ta ciyar da iyalinka. Ku kuma da aka ba amanar rabo, in mabuƙaci bai shiga ƙa'idarku ba, ku saurare shi ya kai ƙarshen maganarsa kafin ku ce babu.

Saura ɗaya. A cikinmu nan akwai wanda ake yi wa sannu da ƙoƙari, alhali ya san hannun da ke riƙe da gidansa. Ba sai ka tashi ka faɗa mana ba. Nomau sai da aka binne tasa sannan ya samu bakin yabonta. Taka tana gida, da ranta. In an shafa fatiha, ka je ka ce mata ka gode.