Sunan Klaas a Gindin Bindiga

Akwai wani mutumin garinmu Colesberg, sunansa Neville Lottering. A Bloemfontein yake aiki, kuma tun da ya sayi mota ya daina jin maganar kowa. Har yau in na tuna abin da ya yi, raina ɓaci yake.

Mahaifiyarsa, Ouma Griet, tana da tsohuwar bindigar soja da ta gada daga kakanta Klaas. A yaƙin Turawan Ingila da manoman Boer, Klaas yana cikin masu riƙe wa mayaƙa dawakai da dafa musu abinci. Ba shi da hoto, kabarinsa ma ba wanda ya san inda yake.

Mayaƙan lokacin sukan sassaƙa sunansu a gindin bindiga. Da wannan ta zo hannun Klaas, shi ma ya sa wuƙa ya yi nasa. Haruffa biyar, a karkace. Iyakar abin da ya iya rubutawa ke nan a duniya, kuma duk wanda ya koyi karatu da girma ya san wahalar da ke cikin haruffa biyar.

Sai aka ji masu tara tsofaffin bindigogi za su zo zauren gari ranar wata Asabar, su shigar da duk bindiga mai suna cikin littafinsu. Ouma Griet ta ce ko sau ɗaya a rubuta kakanta a wani wuri kafin Allah ya kira ta. Amma tsohon giris da datti sun rufe rabin sunan, don haka ta kai wa maƙwabcinta Oom Fanus, wato Kawu Fanus, tsohon kafinta.

Oom Fanus ya kwance katakon daga ƙarfen. Kullum sai ya naɗe shi a baƙar leda ya ɗora kan rufin kwano, rana ta sa giris ya tsatso, ya goge da tsumma. Tsakanin haruffa kuwa da buroshin haƙori mai laushi yake bi, da ɗan ruwan sabulu. Tabo da lotsawa duk ya bar su, ya ce su ne shaidar shekarunta.

Ana saura kwana biyu masu tara bindigogin su zo, Neville ya iso. Ya leƙa shagon, ya taɓe baki.

"Oom, mako uku? Har yanzu kamar daga turken awaki aka tono ta."

"Ɗana, shekara ɗari ta yi tana shan mai. Ba za ta amayar da shi don kana sauri ba."

Neville ya yi dariya, ya ce shi ya sa garin nan bai ci gaba ba. Tsohon ya roƙe shi kada ya bari sanfefa ta taɓa katakon. Neville ya ce kayan gidansu ne, ya ɗauka ya fita. Ouma Griet tana taron mata a coci, ba ta sani ba.

Ya sa injin gugar katako. Da farko ya so ya kauce wa sunan, amma injin ya zame ya cinye haruffa biyu. Maimakon ya tsaya ya nemi taimako, sai ya ƙarasa sauran, wai don wurin ya yi daidai. Ya zafafa ƙarfe ya sake rubuta sunan, a miƙe, tsaf. Ya bi da fenti mai sheƙi, ya mayar da ƙarfen. Uwarsa kuwa ya ce mata ta jira ranar Asabar ta sha mamaki.

Ranar Asabar zaure ya cika. Mai duba bindigogin, wani dattijo Meneer Reyneke, ya juya bindigar Klaas a hannu, ya tambayi wanda ya yi aikin. Neville ya buga ƙirji.

Dattijon ya ce hatimin masana'anta da ke jikin katakon ya tafi, rubutun kuma bai kwana uku ba. Oom Fanus ya matso ya ce shi shaida ne, da idonsa ya ga na asali. Meneer Reyneke ya ce ya yarda da shi, amma abin da katako ya nuna kawai ake shigarwa a littafi. Ya rufe alƙalaminsa.

Ouma Griet ba ta gani sosai. Ta karɓi bindigar, ta bi haruffan da babban yatsa, ta daɗe tana bi. Neville ya fara cewa ai sunan yana nan, har ya fi karantuwa.

"Hannun kakana rawa yake yi," in ji ta. "Nan hannunka kawai nake ji."

Ta miƙa masa bindigar.

"Tafi da ita Bloemfontein. Taka ce, aikinka ne."

Oom Fanus ya riƙe mata hannu suka fita. Neville ya tsaya a tsakiyar zaure da bindiga tana sheƙi, mutane suna wuce shi ba wanda ya yi masa magana.

Darasi: Ba duk abin da ya tsufa yake neman gyaranka ba. In mai sani ya ce ka dakata, ka dakata, in kuma ka yi ɓarna ka tsaya a nan, kada girman kai ya sa ka ƙarasa ta. Allah ya ba mu kunnen jin manya. Ku tura wa duk mai ajiyar kayan kakanni a gida, kafin wani mai sauri ya kai musu hannu.