Gudumar Da Ke Cikin Kujera

Akwai wani dattijo mai haɗa kujerun kushin, mutum ne mai zafin kai. Kowa a unguwa Baba Kafinta yake ce masa.

Da dogon hutun makaranta ya zo, sara-suka ya yi yawa a unguwar. Dattawa suka zauna, suka ce kowane mai sana'a ya ɗauki samari biyar ya koya musu aiki, daga safe zuwa la'asar. Baba ya yarda, amma ya ajiye bokiti a bakin ƙofa. Duk mai wuƙa sai ya jefa ta a ciki kafin ya shiga.

Cikin samarin akwai wani ɗan daba da ake kira Kunama. Ranar farko wuƙa biyu ya jefa.

"Har biyu? Mahauci ne kai?" in ji Baba.

"Ɗaya ta aiki, ɗaya ta ado, Baba."

Sati uku Kunama bai waiwayi bokitin nan ba. Ya iya buga ƙusa, ya iya jan yadi ya kwanta sumul. Uwarsa har shago ta zo tana sa wa Baba albarka.

Rannan Baba ya nemi ƙaramar gudumarsa ya rasa. Bai bincika ba, bai tambayi kowa ba. Ya dubi Kunama a gaban sauran.

"Mai hali ba ya fasa halinsa. Fito min da ita."

"Wallahi Baba ban ɗauka ba."

"Rantsuwar ɗan daba! Fice min daga shago."

Kunama ya ajiye almakashi a hankali. Ya sunkuya a bokiti, ya ɗauki wuƙaƙensa duka biyu, ya fita.

Kwana tara tsakani, aka gwabza faɗa a bakin kasuwa da rana tsaka. Aka sari Kunama a hannun dama, dole likita ya cire hannun.

A satin ne wata mata ta dawo da kujerar da ta saya, ta ce wani abu na ƙara a ciki in an ja ta. Baba ya farke yadin ƙasa. Sai ga guduma. Shi da kansa ya rufe kujerar nan, babu wanda ya taya shi.

Ya tafi asibiti da gudumar a aljihu. Uwar Kunama ta amsa gaisuwarsa, ta kau da kai.

"Ɗana, na same ta," in ji Baba. "Ni na rufe ta a cikin kujera. Ka yafe min. In ka warke ka dawo, na ba ka ita."

Baba ya ciro gudumar daga aljihu, Kunama ya dube ta.

"Na yafe, Baba. Amma da wane hannun zan riƙe ta?"

Har yau gudumar na rataye a bangon shago. Baba bai sake buga ƙusa da ita ba.

Darasi: In yaro ya ajiye wuƙa ya zo gare ka, kada bakinka ya mayar masa da ita. Ka bincika kafin ka zargi mutum, manya ma suna kuskure. Ku tura wa iyaye da masu sana'a, hutu ya kusa.