Ragon Dagaci da Tsutsar Tumatir

An yi wani dagaci da ke tilasta wa manoma sayen maganin feshi a wajensa, alhali ya cika jarkokin da ruwan rijiya. Rannan ragonsa ya faɗa lambun wani manomi, Cindo, ya ci tumatir, washegari ya mutu. Aka kirawo Cindo fada.

Dagaci ya ce, "Feshinka ya kashe min rago. Ko ka dawo da shi da ransa, ko lambun ya zama nawa."

Cindo ya durƙusa, ya tsaga wani tumatir mai huji, ya zaro ƙatuwar tsutsa.

"Ranka ya daɗe, maganinka na fesa. Wannan baiwar Allah tun tana ƙarama take shan sa, sai ƙiba take yi. A ɗiga mata shi a gaban jama'a. In ta mutu, lambu naka ne. In ta rayu kuwa, sai a faɗa mana abin da ke cikin jarka."

Manoma suka matso. Wani har ya ruga ɗauko jarkarsa.

Dagaci ya dubi tsutsa, ya gyara rawani.

"Kai, ku ƙyale ta! Ragon nan dama tun bara yake tari."