Garin Turmi da Garin Kwalba

'Yan'uwa, bari in ba ku wani misali. Akwai wata mace mai sana'ar garin zogale. Takan tsinko ganyen da sassafe, ta wanke, ta shanya a inuwa don kada rana ta cinye korensa. In ya bushe sai ta kai injin niƙa na bakin layinsu, ta tankaɗe, ta ɗura a kwalabe. Mutane suna saya, su riƙa zuba cokali guda a kunu ko a miya domin ƙarin lafiyar jiki. Mace ce mai tsabta ƙwarai, irin wadda in za ka shiga ɗakinta sai ka duba tafin ƙafarka sau biyu.

Da sana'ar ta yi albarka, sai ta buɗe shago a wata babbar kasuwa ta intanet, inda mutum yana zaune a wani gari zai ga kaya a wayarsa, ya saya, a aika masa har gida. Ana nan sai masu kasuwar suka aiko da saƙo. Suka ce duk mai sayar da abin da ake sha domin gina jiki, dole ya kai samfurin kayansa ɗakin gwaji, ya kawo takardar shaida cikin kwana talatin. Ya kuma rubuta a jikin kwalba abin da ke ciki, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai lalace. Wanda bai cika wannan ba, za a rufe shagonsa.

Matar ba ta damu ba ko kaɗan. Ta ɗauki kwalba ɗaya daga cikin na sayarwa ta aika, tana jiran yabo. Bayan mako ɗaya sakamako ya zo, aka ce akwai ɓurɓushin ƙarfe a garin, fiye da abin da ya kamata mutum ya sha.

Mamaki ya kama ta fiye da fushi. Ta ce a ranta, “Ƙarfe a ganye? Ta wace ƙofa ya shigo?” Ta duba tabarmar shanya, ta duba rariya, ta leƙa cikin randar ruwa, ba ta ga kome ba. Abin da nake so da matar nan ke nan, ba ta iya barin tambaya ta kwana ba amsa. Sai ta ɓalle wata tsohuwar rediyo da ta daɗe da mutuwa, ta ciro mayen ƙarfen da ke bayan lasifikarta, ta naɗe shi da farar leda. Ta murtsuke busasshen ganye da hannu, ta ja mayen a ciki, ledar ta fito fes. Ta ja shi cikin garin da ya dawo daga inji, sai ga baƙin abu ya maƙale a jikin ledar, siriri kamar gashin da ya rage a kan aska.

Ta tafi wurin tsohon mai injin ta nuna masa, ta ce, “Baba, dubi abin da na samu a garina.”

Tsohon ya duba, ya yi murmushi, ya ce, “'Yata, faifan da ke niƙa a cikin injin nan na ƙarfe ne. Duk bayan ɗan lokaci nakan kai a wasa shi, saboda ya cinye. To, inda ya cinye ɗin, ina kike tsammani yake tafiya?”

Ta koma gida. Ta gano gaskiya, amma kwana tara kaɗai suka rage, ga kwalba sittin ta riga ta cika ta liƙa musu takarda, aikin wata biyu. Injin da ba ya zubar da ƙarfe kuwa yana wani gari mai nisa. Tsoron rufe shago ya shige ta.

Yayarta ta zo ta tarar da ita ta yi tagumi. Da ta ji labari sai ta ce, “Wannan ne ya hana ki cin abinci? Ba ki da turmi? Daka musu kwano ɗaya da hannunki ki aika. Su da ke can, ina za su san wanda ke kwalba?”

Matar ta ce, “Yaya, anya kuwa?”

Amma ta wanke turmi. Ta daka, ta tankaɗe sau uku, ta aika. Takarda ta fito da kyau, ga hatimi, ga sa hannu. Ta ɗora hoton takardar a shagon, ta ci gaba da sayar da kwalaben nan sittin. Mayen ƙarfen kuwa ta jefa shi can ƙasan akwati, don ba ta son ganinsa.

Wata Talata wani ya sayi kwalba biyu. Sunansa ba wani sananne ba ne, bai yi tambaya ba, bai nemi ragi ba. Ta naɗe masa kamar yadda take naɗe wa kowa, ta aika, ta manta. Bayan kwana goma ta buɗe wayarta ta ga an rufe shagon. Saƙon ya ce mai sayen nan ma'aikacin kasuwar ne, kwalabensa kuma sun wuce ɗakin gwaji kai tsaye. Aka ce in tana so a sake buɗewa, sai ta janye duk abin da ya rage, ta sanar da waɗanda suka saya, ta gyara niƙanta, a sake gwadawa.

Ta zauna a bakin gado, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Abin da ya fara fita daga bakinta shi ne, “Haba! Da sun faɗa mini su ne, ai da na daka musu a turmi.”

Na ga waɗansunku suna dariya. Ni ma na yi, sai dai dariyar ba ta daɗe a bakina ba.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Matar nan mu ne. Garin turmi shi ne halin da muke wankewa mu tankaɗe sau uku mu kawo coci ranar Lahadi: murya mai laushi, gaisuwa da hannu biyu, addu'a mai tsawo. Garin kwalba kuwa shi ne abin da mutanen gidanmu da abokan aikinmu suke sha daga wurinmu sauran kwana shida. Injin shi ne wurin da muke kai zuciyarmu kullum a niƙa mana, wato hirar da muke zama, da abin da muke kallo a waya, da fushin da muke juyawa a rai. Kowannensu yana barin ɓurɓushinsa, ba a gani da ido.

Ku lura, shigar ƙarfen a garin ba laifinta ba ne. Ba ta sani ba, kuma da ta bincika ta yi abin yabo. Zunubinta ya fara ne ranar da ta sani, ta wanke turmi. Yawancinmu ba rashin sani ke damunmu ba. Mun san inda abin yake shigowa sarai.

Ubangiji ba ya yin sallama ya ce ga shi ya zo gwaji. Yakan zo ranar Talata, a cikin maƙwabcin da ya ɓata mana rai, ko matar da ta yi mana tambaya ɗaya sau uku muna a gajiye. Ba don ya hallaka mu yake gwadawa ba, domin ko matar nan an bar mata hanyar dawowa. Amma hanyar ta bi ta kan zubar da kwalabe, da zuwa wurin waɗanda suka sha a ce musu, “Na ba ku abin da na san ba shi da kyau.”

Ko ta yi hakan, ban sani ba. Abin da na sani shi ne, kowane ɗayanmu akwai wanda ya sha daga kwalbarsa a makon nan, kuma yawanci yana gida yanzu, ko yana zaune kusa da kai a benci.