Kujerar Babur Da Ta Ƙi Buɗuwa

An yi wani manomi mai ƙaramin babur, irin wanda tankin mansa ke ƙarƙashin kujera. Da sakatar kujerar ta lalace, ya sayo wata a kasuwa wadda ba ta kamfani ba, ya ɗaura da kansa. Tun ranar take cijewa. Matarsa Damaris takan ce, "Baban Tabita, ka kai wa bakanike ya duba mana." Shi kuwa sai ya fizgi kujerar ta buɗu, ya yi mata murmushi.

Wata rana da hantsi suna girbin gyaɗa, kububuwa ta sari Damaris a dunduniya. Ya ɗora ta a baya, ya kama hanyar asibiti, tana rungume da shi. A tsakiyar hanya mai ya ƙare. Ya tura babur ɗin har gindin wata tsamiya, inda wani tsoho ke sayar da fetur a kwalabe. Ya kwantar da ita a inuwa, ya sa makulli, ya ja kujerar. Ta ƙi.

Ya murɗa, ya fizga, ya doki kujerar da hannu. Ƙafar Damaris ta kumbura har gwiwa, jini ya soma fitowa daga dasashinta.

Tsohon ya ce, "Ɗana, za ka karya makullin a ciki! In ya karye, wa zai kai ta?"

Damaris ta ce a hankali, "Baban Tabita, ba na ganinka sosai."

Da jin haka ƙarfinsa ya ƙare. Ya durƙusa, ya kifa ƙirjinsa a kan kujerar yana kuka, hannunsa na kan makullin da ke cikin sakatar. Ya ce, "Ya Ubangiji, na kasa." Nauyinsa ya danne kujerar, makullin ya juya, sakatar ta saki.

Tsohon yana ɗura man, ya ce, "Haka sakatun kasuwan nan suke. In ka ja sama, ƙara kamawa suke yi. Sai an danna ƙasa."

Suka isa asibiti tana da sauran numfashi. Ta rayu, amma har yau tana ɗingishi.

Ga abin da misalin nan yake nufi, ƙaunatattu. Sakatar ita ce zuciyar da muka gyara da dabararmu, muka ƙi kai wa Mai ita. Tana cijewa, muna fizga, muna cewa ai ta buɗu jiya. Ranar tsanani ba ta aiko da saƙo. Alherin Allah yana nan kusa kamar man da ke hannun tsohon, amma ba ya shiga zuciyar da take a rufe, kuma ƙarfi ba ya buɗe ta. Sai mutum ya sunkuya. Kada ka jira sai wanda kake ƙauna ya ce ba ya ganinka kafin ka durƙusa.