Jatau a Cikin Ramin Baba

An ce wani sarki ne aka yi a wata ƙasa ta can gabas, mai kirki da son gyara, amma yana da lalura guda: kunnensa ba ya ƙaunar komai kamar ya ji an ce masa "to". In ka ce masa "to", ko kai ɓarawon akuya ne, ka zama mutumin arziki. In kuwa ka ce masa "amma", ranar ko tuwo ba zai yi masa daɗi ba.

A tsakiyar birninsa akwai tsohon karofi, inda marina ke rina tufafi a ramukan baba tun zamanin kakanni. Gari ya cika ya kewaye shi, ruwan baba na malala cikin lunguna, farar akuya ta fita kiwo ta komo gida shuɗiya. Da ƙorafi ya yi yawa, sarki ya sa aka haƙa sababbin ramuka a bakin rafi, ya tara marina a fada ya ce kafin ruwan farko ya sauka kowa ya koma can.

Manyan marina biyu ne, Mamuda da Jatau. Mamuda ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ya sarki, wannan shawara ba ta mutum ba ce, ilhama ce. Da a ka ake ɗaukar rami, da yau na ɗauki nawa."

Sarki ya ji wani sanyi har cikin ransa.

Shi kuwa Jatau, Allah ya yi shi da zafin kai, ga murya kamar ana fasa itace. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, amma wa aka tambaya? Ubana a ramin nan ya tsufa. Waɗanda suka haƙa na bakin rafi sun taɓa tsoma hannu a baba? Ni dai ban ga alheri a ciki ba, kuma ba zan ce na gani ba."

Ran sarki ya ɓaci ƙwarai, ya sallami jama'a, ya kira Wazirinsa, wani tsoho mai yawan murmushi da ƙarancin magana, ya ce, "A kori Jatau daga ƙasata, shi da iyalinsa. Mamuda kuma a naɗa shi Sarkin Marina."

Waziri ya ce, "An gama, ya sarki. Sai dai akwai wata tambaya da ta dame ni, ko sarki zai warware mini. An ɗora tukwane biyu a murhu, ɗaya ta ruwa, ɗaya ta mai. Wacce ta fi zafi?"

Sarki ya ce, "Wadda ta fi tafasa da ƙara."

"Wacce kuma ta fi ƙona mai girki?"

Sarki ya ce, "Ta mai, domin ba ta faɗa maka ta yi zafi."

Waziri ya ce, "To ni na ruɗe, ya sarki. Wadda ke faɗa za mu zubar, wadda ba ta faɗa mu tsoma hannu?"

Sarki ya ce, "Kai Waziri, mutane nake mulki, ba tukwane ba."

"Gaskiya ne. Shi ya sa nake roƙon a jinkirta korar zuwa ranar kasuwa, sarki ya je bakin rafi da kansa, ba tambari ba dogarai. Wanda ka tarar a can, shi ne naka."

Sarki ya yarda, don ya tabbata zai kunyata tsohon nan. A zuciyarsa har ya hango Mamuda tsaye yana ba da umarni, gumi na zuba.

Ranar da aka sa, da hantsi, sarki da Waziri suka rufe fuska da rawani suka fita. Hanyarsu ta bi ta tsohon karofi, sai ga Mamuda kishingiɗe a inuwa yana cin goro, yana ce wa abokan aikinsa, "Ku kwantar da hankalinku. Sarki a ce masa to, ya yi barci. In damina ta faɗi, wa zai tuna da wani rafi?"

Sarki ya ji kamar an watsa masa ruwa. Waziri kuwa ya duƙufa kallon ƙasa, sai ka ce ya ga abin mamaki a jikin tsakuwa.

Da suka isa bakin rafi ba su ga kowa ba, amma wata murya na fitowa daga ƙarƙashin ƙasa tana zazzaga masifa. Suka leƙa wani rami, ga Jatau a ciki, laka har gira, yana shafe bango da hannu.

Abin da ya faru shi ne, tun ranar fada Jatau ya zo nan neman aibi, don ya sami abin da zai ƙara faɗa. Ya kuwa samu. To shi irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce. Ya ce bari ya gyara rami ɗaya don ya nuna yadda ake yi, daga ɗaya ya faɗa na biyu, yanzu ga shi ya kusa gama jere guda, bakinsa bai huta ba, hannunsa ma haka.

Sarki ya sauya murya ya ce, "Bawan Allah, da wa kake faɗa?"

Jatau bai ɗaga kai ba ya ce, "Da wanda ya sa aka yi aikin nan mana. Wuri dai ya zaɓa mai kyau, ga ruwa ga iska, wannan ba zan hana shi ba. Amma a tambayi mutum, ina. Da ya tambaye ni, da ban kwana uku ina gyara ɓarnar wasu ba. Miƙo mini kwandon nan, kana tsaye kamar sarki."

Sarki ya sunkuya ya ɗauki kwandon laka ya miƙa masa. Da Jatau ya ɗago zai karɓa, ya ga fuskar da ke cikin rawani, sai ya zauna daɓas a gindin rami. Ya ce, "Ya sarki, na san an ce za a kore ni. Alfarma ɗaya nake nema: a bar ni in gama wannan, kada wani ya zo ya ɓata."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, amma kunya ta kama shi ainun, gama ya ga saura kaɗan ya kori mutum ɗaya tilo da ya ɗauki aikinsa da gaske. Ya miƙa hannu ya jawo Jatau waje, bai damu da lakar da ta ɓata masa riga ba, ya ce, "Ba inda za ka. Kai ne Sarkin Marina, kuma ƙaurar nan a hannunka take. Ka zo fada ka faɗa mini duk sauran abin da ke ranka."

Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yana da yawa fa."

Sarki ya ce, "Zan jure." Sa'an nan ya juya ga Waziri ya ce, "Yau na gane. Sarkin da ke auna ma'aikatansa da daɗin bakinsu, zai ɗaukaka mai ruɗinsa, ya zalunci mai ƙaunarsa."